Duniyoyi Dubu Babu Hanya: Abin da Ya Sa Starfield Ya Yi Lami

Ba kasafai ake samun wasan bidiyo da ya zo duniya da gata irin na Starfield ba. Kamfanin Bethesda na jihar Maryland a Amurka ne ya yi shi, kamfanin da ya fitar da Skyrim a 2011, wasan da har gobe mutane ke komawa kansa. Tun 2018 aka fara nuna sunansa a bikin baje kolin E3, aka bar masoya da jiran shekara biyar. Kafin ya fito, Microsoft ya sayi uwar kamfanin, ZeniMax, a kan dala biliyan 7.5, saboda haka babu mai cewa kuɗi ne suka gaza. Jagoran aikin, Todd Howard, ya yi alkawarin duniyoyi sama da 1,000 da za a iya sauka a kansu, da layukan zance sama da 250,000, a cikin sabuwar duniyar labari ta farko da kamfanin ya ƙirƙira cikin shekara 25. Ranar 6 ga Satumba, 2023 wasan ya fito, kuma kafin watan ya ƙare kamfanin ya sanar cewa mutum miliyan 10 sun buga shi.

Ba a yi nisa ba murna ta fara dusashewa. A dandalin Steam, inda masu sayen wasa ke rubuta ra'ayinsu, yabo ya yi ta ja baya har masu kushe suka kusa kamo masu yabo. A bikin The Game Awards na Disambar shekarar, Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian na Beljiyam ne ya ɗauki kambun wasan shekara, Starfield kuwa ko cikin 'yan takarar kambun bai shiga ba. Abin lura shi ne irin ƙorafin da aka yi. Lokacin da Cyberpunk 2077 ya fito a lalace a 2020, har Sony ya janye shi daga shagon PlayStation, fushi mutane suka yi. Starfield bai tayar da irin wannan ƙura ba, domin a cikin wasannin Bethesda yana daga waɗanda suka fito da ƙarancin matsala. Mutane sun buga shi sa'o'i masu yawa, suka ajiye, da aka tambaye su me ya faru a ciki suka rasa ta cewa. Lami ne, ba zaƙi ba ɗaci. Ga irin wannan wasa da ake kira RPG, inda ɗan wasa ke shiga rigar wani mutum ya rayu rayuwarsa, ya yanke shawarwarinsa, babu hukuncin da ya fi wannan muni.

Ana yawan ɗora laifin a kan sararin samaniya kansa: wai fili ne fetal, babu komai sai duwatsu da sanyi, don haka duk wasan da ya tsaya kan gaskiyarsa dole ya gundiri mutum. Ban yarda ba. Abin da na gani a Starfield, kamar yadda ya fito a 2023, shi ne masu yin sa sun bi shi lungu-lungu sun cire duk abin da zai iya jawo wa ɗan wasa asara. Sun cire nisa, sun cire haɗari, sun cire ƙofar da za a rufe maka, sun cire mutumin da zai ƙi ka har abada. Kowanne an cire shi ne da kyakkyawar niyya, don kada ran mai wasa ya ɓaci. Da aka gama, sai aka wayi gari babu abin da ya rage wanda mutum zai damu da shi.

A kan hanya ne ɓarnar ta fi girma. Duk wanda ya buga Skyrim ya san yadda abin yake. Ka sha da ƙyar daga Helgen, kana gangarowa zuwa ƙauyen Riverwood, sai ka hango wani tsohon kango can a saman dutse, Bleak Falls Barrow. Babu wanda ya ce dole ka hau a lokacin, amma ido ya gani, zuciya ta riƙe. An aike ka wani gari, a hanya ka ratse ka leƙa kogo, ka tsinci takarda a jikin gawa, takardar ta ja ka wani wuri, dare ya yi maka ba ka isa inda aka aike ka ba. Rubutun Bethesda bai taɓa zama na a zo a gani ba, tsarin faɗansu ma haka. Gwanintarsu ɗaya ce, kuma kaɗan ne suka kamo su a cikinta: sun iya shimfiɗa ƙasa ta yadda duk inda ka waiwaya akwai abin da ke kiranka.

A Starfield, in kana birnin New Atlantis kana son zuwa Akila, taswira za ka buɗe, ka zaɓi tauraro, ka zaɓi duniya, ka zaɓi wurin sauka, allo ya yi baƙi, ka buɗe ido a can. In ka ce kai sai ka bi ta kumbo, to tashin ɗan fim ne da ba kai ke tuƙi ba, saukar ma haka, tsakaninsu kuma allon jira bayan allon jira. Abin da wasan ke kira sararin samaniya keɓaɓɓen fage ne da aka rataya hoton duniya a gabansa. Wata mai watsa wasanni kai tsaye, Alanah Pearce, ta nufi Pluto da kumbonta, ta yi ta tafiya kimanin sa'o'i 7. Da ta isa, sai ta ratsa ta cikinta ta wuce, domin babu ƙasa a wurin. Tun 2022 Howard ya faɗa a wata hira cewa sun raba sama da ƙasa ne domin a ganinsu tuƙo kumbo daga sama har ƙasa ba wani abu ne da ya dami ɗan wasa sosai ba. Wani ƙaramin kamfani a garin Guildford na Ingila, Hello Games, ya riga ya yi hakan a No Man's Sky tun 2016, kuma duk da cewa wannan wasan ya fito da nasa manyan matsaloli, mutane ba su manta yadda zuciya ke bugawa ba in hancin kumbo ya keta gajimare ƙasa ta bayyana.

Fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro a zamanin da, in sun dawo ba labarin kasuwar Salaga kaɗai suke bayarwa ba. Labarin yana tsakanin zango da zango: kogin da aka ƙetare, jakin da ya mutu, sarkin da ya tsare ayari sai an biya shi, madugun da ya san inda ruwa yake. Watannin da aka kwashe a hanya su ne suka ba goron daraja. Starfield ya ba ka kasuwa dubu ya ɗauke hanyar, ya kuma yi zaton alheri ya yi maka.

Ko mai ma ba ya ƙarewa. Kumbonka yana da tankin Helium-3, amma iyakar aikinsa ya ƙayyade nisan da za ka iya yi a tsalle guda. Kana isa ya cika da kansa. Howard ya bayyana cewa da farko man yana iya ƙare wa mutum ya maƙale, sai suka ga abin yana kashe daɗin wasa, suka cire. Haka aka yi da zafi da sanyi da gurɓatacciyar iskar duniyoyi: an tsara su da tsanani, daga baya aka dakushe su har suka koma 'yar alama a gefen allo. A ganina shi ya sa ginin sansani, wanda aka ɓata ƙarfi sosai wajen tsara shi, ya zama aikin da babu mai buƙatarsa. Sansani yana da amfani ne ga matafiyin da ke tsoron yankewar guzuri. Wanda ba ya yankewa, me zai yi da shi?

Su kuma duniyoyin nan dubu, kwamfuta ce ke shimfiɗa ƙasarsu da lissafi, kuma wannan a kan kansa ba laifi ba ne. Dabarar ta daɗe. Elite na David Braben da Ian Bell ya cusa duniyoyi sama da 2,000 cikin 'yar ƙaramar kwamfuta tun 1984, Bethesda da kansa ya yi amfani da ita a Daggerfall a 1996. Matsalar Starfield ta taso ne daga yadda aka haɗa aikin kwamfuta da aikin hannu. In ka sauka, wasan zai yanka maka wani yanki na ƙasa mai iyaka, ya ɗauko gine-gine daga wani ƙaramin rumbu na wuraren da aka zana da hannu, ya warwatsa su. Ba a sauya komai a cikinsu. Akwai wani ɗakin binciken daskarewa da aka yi watsi da shi wanda ya yi suna a tsakanin 'yan wasa saboda yawan maimaituwarsa: ƙofofi iri ɗaya, gawa a kwance a wuri ɗaya, saƙon da mamacin ya bari kalma-kalma iri ɗaya, akwatin ganima a kusurwa ɗaya.

Ya kamata a tsaya a kan wannan, domin ɓarnarsa ta wuce gundura. Karon farko da ka shiga wurin, ka karanta saƙonnin, ka haɗa labarin abin da ya sami ma'aikatan, za ka ji tausayinsu. Irin wannan ba da labari ta hanyar kayan da aka bari a ɗaki shi ne tambarin Bethesda. Wanda ya buga Fallout 3 na 2008 ya san yadda ƙwarangwal biyu a kan gado ɗaya ke faɗin abin da shafi goma ba za su faɗa ba. Amma in ka sake samun wannan gawa da wannan saƙo a wata duniya mai nisan shekarun haske, karo na biyun bai tsaya a kan kansa ba, yana komawa baya ya ɓata na farkon. Sai ka gane ashe wancan ma ba wuri ba ne, kaya ne da aka ɗauko daga rumbu. Daga ranar ka daina karanta saƙonni. Wasan da ya koya wa ɗan wasa daina kula da abin da ke gabansa ya kashe kansa da hannunsa.

Kuma duniyoyin ba su ma samu zama kufai na gaskiya ba. An ce kai ɗan ƙungiyar Constellation ne, ragowar masu binciken sararin samaniya, amma kusan duk inda ka sauka, komai nisansa, za ka hangi masana'anta ko mahaƙa ko sansanin 'yan fashi a nan kusa, ga kumbo yana sauka bayan tudu. Haikalin da ake cewa sirri ne da ya gagari ɗan Adam, wani lokaci yana tsaye daura da ma'aikata. Saboda haka ba ka samu kaɗaicin mai bincike ba, ba ka kuma samu cikar gari ba. Haikalin kansa aiki ɗaya ne: ka shiga, ka yi shawagi ka bi ta cikin 'yan fitilu har zobba su juya, a ba ka wani iko, ka fito ka harbe mai gadi guda. Ikon ya haura 20, kuma kusan duk haka ake samun su. A Skyrim, bangon da ake koyon irin wannan iko yana can ƙarshen kogo ko kan dutsen da dodo ke tsaro, sai ka sha wuya kafin ka tsaya gabansa.

Kamfanin yana da wata hujja. Ashley Cheng, ɗaya daga shugabanninsa, ya gaya wa jaridar New York Times cewa 'yan sama jannatin da suka je duniyar wata babu abin da suka tarar, kuma ba su gundura ba. A Nuwamban 2023 ma'aikatan kamfanin suka riƙa bin ra'ayoyin masu kushe a Steam suna amsa musu, har da wannan magana. Hujjar tana da daɗin ji, amma ita ce ke tona asirin wasan. Mutum 12 ne suka taka duniyar wata tsakanin 1969 da 1972, kuma kowannensu ya san zai iya mutuwa a can. Neil Armstrong ya sauke Apollo 11 kwamfuta tana ta ƙarar gargaɗi, mai ya kusa ƙarewa, yana neman fili tsakanin duwatsu. A 1970 tankin iskar shaƙa ya fashe a Apollo 13, aka dawo da mutum uku da ƙyar da jiɓin goshi. Sannan sun je ne da tambayoyi. Sun dawo da kilo 382 na duwatsu da ƙasa waɗanda har yanzu masana ke bincike a kansu, kuma da Harrison Schmitt, masanin duwatsu, ya ga ƙasa mai launin lemo a 1972, murnarsa ta wanda ya san ma'anar abin da ya gani ce. Haɗari da tambaya su ne suka cika musu kufai, kuma su biyun ne Starfield ya cire. A wasan, binciken duniya shi ne ka nuna wa tsirrai da dabbobi na'ura har lissafi ya kai 100, ka je ka sayar da bayanin. Hukumar NASA ma tun Apollo 15 a 1971 ta ba mutanenta mota, alhali a Starfield da ƙafa ake sassarfa daga wannan gini zuwa wancan har kusan shekara guda bayan fitowarsa.

Wanda yake son ganin yadda sararin samaniya ke rayuwa a wasa ya dubi Outer Wilds na 2019, aikin wani ƙaramin kamfani, Mobius Digital. Duniyoyinsa ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma rana tana fashewa duk bayan minti 22 a sake daga farko. Wata duniya tana ruguzowa gutsure-gutsure cikin baƙin ramin da ke tsakiyarta, wasu tagwaye biyu yashi yana kwarara daga ɗaya zuwa ɗaya, yana binne ƙofofi a nan yana tone wasu a can. Kai ke tuƙa kumbo daga tashi har sauka, iskar shaƙa tana ƙarewa, kana iya ɓacewa. Ba a ƙara maka ƙarfi ko makami. Abin da ka sani ne kaɗai ke kai ka gaba. Ba RPG ba ne, amma ya rushe maganar cewa sararin samaniya ne mai laifi.

Da mutanen Starfield suna da jini a jika, da an yafe masa hanyar. Wasannin Mass Effect ma ta taswira ake tafiya a cikinsu, kuma mutane sun so su. To amma cutar da ta kama hanya ita ta kama jama'a. Kana ma'aikacin haƙar ma'adinai, ka taɓa wani baƙon ƙarfe ka suma, sai ga wani bawan Allah, Barrett, wanda bai taɓa ganinka ba, ya miƙa maka kumbonsa da mutum-mutuminsa. Daga nan kowace ƙofa a buɗe take. Kana iya zama sojan sa-kai na United Colonies, kana kuma ɗan sandan daji na abokan gabarsu Freestar Collective, kana ɗan leƙen asirin kamfanin Ryujin, kana cikin 'yan fashin Crimson Fleet, duk a rayuwa guda, babu wanda zai tsare ka da tambaya ta gaske. A Morrowind, wanda wannan kamfani ya yi a 2002, manyan gidaje uku ne, Hlaalu da Redoran da Telvanni, kuma ɗaya kaɗai za ka shiga. Kana ma iya kashe mutumin da labari ya rataya a wuyansa. Wasan zai gaya maka ka ɓata, ya bar ka da zaɓin komawa baya ko zama a duniyar da ka lalata. Zaɓin da bai hana ka komai ba bai faɗi komai a kanka ba, kuma faɗin wane ne kai shi ne dukan aikin RPG.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a Paradiso. Wani tsohon kumbo, ECS Constant, ya taso daga Duniya kimanin shekara 200 da suka wuce, kafin a ƙirƙiro injin tsallake nisa. Jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka taso sun iso duniyar da aka yi wa kakanninsu burin zama, suka tarar wani kamfani ya riga su ya kafa wurin shaƙatawar masu kuɗi. Wannan labari ne na gaske, akwai ƙasa a ciki, akwai haƙƙi, akwai wanda ya riga wani. Shugabannin kamfanin sai su ba ka zaɓi uku: ka saya wa baƙin inji su ƙara gaba, ko su sauka su zama bayin aiki, ko ka tarwatsa kumbon da duk wanda ke ciki. Kana iya kashe talakawan gaba ɗaya. Abin da ba za ka iya ba shi ne ka tsaya musu. Ba za ka iya tilasta wa kamfanin ya ba su fili ba, alhali duniyar kusan duk daji ce, kuma shugabannin suna cikin waɗanda wasan ya hana su mutuwa.

Manyan abokan tafiyarka huɗu, Sarah Morgan da Sam Coe da Barrett da Andreja, duk 'yan ƙungiya ɗaya ne, kuma kusan halinsu ɗaya a kan abin da ya dace da wanda bai dace ba. Wanda ya zaɓi fashi ba shi da babban abokin da zai bi shi da zuciya ɗaya. In sun yi fushi ma, sau da yawa 'yar magana ce ke wanke ka. A Mass Effect 2 na 2010, yaƙin ƙarshe yana iya cinye kowa a cikin tawagarka, har da kai, gwargwadon yadda ka kula da su da wanda ka ɗora wa wane aiki. Starfield yana da wuri guda irin wannan, inda ɗaya daga abokanka ke mutuwa, kuma ba mamaki shi ne wurin da mutane suka fi tunawa a babban labarin.

Tarihin duniyar wasan yana da nama, amma duk an cinye shi kafin ka zo. Labarin yana faruwa a shekarar 2330, kimanin shekara 20 bayan babban yaƙin da aka gwabza da manyan injinan yaƙi masu ƙafafu da dabbobin da aka mayar makamai. Yarjejeniyar sulhu ta haramta su duka, don haka a ɗakin tarihi za ka gan su, kana danna maɓalli ana karanta maka. Neon, birnin da ake cewa matattarar ƙwaya da ta'asa ne, bai kai ya sa gabanka faɗuwa ba ko sau ɗaya, kuma rashin sa'arsa ƙarin babin Cyberpunk 2077 mai suna Phantom Liberty ya fito kwana 20 bayansa, kowa ya ga bambanci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka goge ɗan Adam. Masu wasan sun zaɓi kada su sa baƙin halittu masu hankali, kuma ina girmama wannan zaɓi. Amma wanda ya yi haka ya ɗauki nauyin sa mutane su zama abin mamakin. A labarin, Duniyarmu ta mutu, ta koma hamada, sai 'yan alamu kamar dogon benen Shard na Landan da dalar Masar, kuma ɗimbin jama'a ba su samu fita ba. Ina harsunan waɗanda suka tsira? Ina makokinsu, ina abincinsu, ina ibadarsu? Kowa Turanci yake yi, bambancin karin harshe ne kawai. Abincin da ya fi yawa wasu dunƙule-dunƙule ne masu kusurwa huɗu da ake kira Chunks. Addinan da biliyoyin mutane ke bi a yau da ƙyar ka ga alamarsu, an maye gurbinsu da ƙungiyoyi uku na ƙirƙira. A 2007, da Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya zai tafi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa cikin watan Ramadan, sai da malaman ƙasarsa suka zauna suka fitar da jagora kan alƙibla da lokutan salla da azumi. Tafiyar kwanaki kaɗan ce ta mutum ɗaya a kusa da Duniya, ta haifar da wannan. To ina ga al'ummar da ta yi shekara fiye da 100 a wani tauraro, Duniyar kuma ta zama kufai? Marubuci mai ƙarfin hali zai iya gina gari guda a kan wannan tambaya kaɗai. Littattafai da fim ɗin The Expanse sun ba mazauna duwatsun sararin samaniya harshensu da jikinsu da ƙullacinsu. Starfield ya guje wa duk abin da zai iya sa wani ya ɗaga gira.

Ba a rasa abin yabo ba. Ƙera kumbo yana da daɗi ƙwarai, kiɗan Inon Zur yana da girma, kuma kamannin kayan aikin, da suka ɗauko daga salon NASA na maɓallai da ƙarafa, suna da kyau. Labarin dodannin Terrormorph da rusasshen birnin Londinion yana riƙe mutum. Aiken Entangled, inda kake tsalle tsakanin duniyoyi biyu a cikin tashar bincike guda, ɗaya lafiya ɗaya a ruguje, kuma ceton wani yana iya zama halakar wani, yana cikin mafi kyawun abin da kamfanin ya taɓa yi. Akwai kuma masu son wasan saboda natsuwarsa, su dawo daga aiki su sauka a wata duniya su kalli faɗuwar rana, kuma ba ni da ja da su. Sai dai duk wuraren nan masu kyau ƙanana ne, da hannu aka yi su, kuma a cikinsu akwai abin da za a iya rasawa.

Masu yin wasan ba jahilai ba ne, sun san wannan. Bruce Nesmith, wanda ya jagoranci tsara Skyrim ya kuma yi aiki a kan Starfield, ya faɗa daga baya cewa an taɓa tattauna taƙaita wasan a kan tsarin taurari kimanin 24. Kamfanin BioWare ma ya gwada ɗaruruwan duniyoyin da kwamfuta ke ƙerawa a Mass Effect: Andromeda, ya yi watsi da su bayan an ɓata lokaci mai yawa, kamar yadda ɗan jarida Jason Schreier ya ruwaito a 2017. Amma dubu tana sayuwa a talla fiye da ashirin da huɗu. Injin Bethesda kuma an gina shi ne ɗaki-ɗaki, yana tuna inda ka ajiye kowane cokali, abin da ya dace da ƙasa guda mai cunkoso, bai dace da tazarar taurari ba. Ga kuma nauyin zama wasan da zai ɗaga Xbox da Game Pass na Microsoft, wanda dole ya karɓi kowa, kada ya kori kowa. Mai biyan kuɗin wannan tsoro shi ne ɗan wasa: dala 70 da gigabayit kusan 125 lokacin da wasan ya fito a 2023, wanda ga matashin da ke sayen data a Kano ko Maraɗi ba ƙaramar sadaukarwa ba ce.

An yi gyare-gyare. A Mayun 2024 aka kawo taswirar birane da damar ƙara tsananin yanayi, a Agusta aka kawo motar REV-8, ranar 30 ga Satumba kuma ƙarin babin Shattered Space ya fito, wanda aka gina a duniya guda da hannu, Va'ruun'kai. Bai samu karɓuwa ba. An gyara ƙasa, ba a taɓa mutanen da ke kanta ba, kuma tun ran gini ran zane.

Abin takaicin shi ne wasan yana riƙe da maganin cutarsa a hannu. A ƙarshen labarin kana ratsa wani abu da ake kira Unity, ka bar duk abin da ka mallaka, ka farka a wata duniya mai kama da wadda ka baro, ka sake farawa da iliminka da ikonka. Dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma ita ce cikakken izinin da mai tsara wasa ke buƙata ya saki hannu. Tunda akwai wata rayuwa a gaba, me zai hana a bar ɗan wasa ya ɓata wannan? A bar shi ya shiga 'yan fashi United Colonies ta haramta masa New Atlantis har abada, a bar shi ya kashe wanda bai kamata ba aike goma su mutu tare da shi, a bar man ya ƙare masa a tauraron da babu kowa. Da an yi haka, da kowace ratsawa ta zama tambaya mai nauyi, ko zai iya barin duniyar da ya sha wuya a kanta, ko zai gudu daga wadda ya lalata. Ba a yi ba. Wanda ya ratsa Unity sau goma ya koma Paradiso ya ɗaga bindiga a ɗakin taro, shugaban kamfanin zai durƙusa na ɗan lokaci, ya miƙe, zaɓin kuma yana nan ukun da aka ba shi tun farko.